Ƙarar Murfin Rijiya

Litinin, 3 ga Maris, da safe

Baba Fasto ya ce in riƙa rubuta abin da ke raina tunda na ƙi magana. To, ga shi na rubuta: raina a ɓace yake.

Christopher, ɗan ƙawata Bernice, ya zo jiya bayan sujada, ya durƙusa har ƙasa, wai yana roƙon aron ƙofar gidana da tsakar gida. Fim zai yi. Tun da ya dawo daga kwas ɗin nan na Jos ya daina aske gemu, kuma ba ya iya kallon abu sai ya haɗa yatsu ya leƙa ta tsakaninsu. Yaron da na yi wa wanka a baho ɗaya da Dickson ɗana. Na ce fim ɗin me? Ya ce na masu laifi da 'yan sanda, irin wanda ake kashe mutum tun farko, sai a yi ta neman wanda ya yi har ƙarshe.

Na dube shi. Ya dubi ƙasa.

Bakina ya riga ya ɗauko a'a. Sai 'yata Doreen ta fito daga ɗaki da kanta, babu wanda ya kira ta, ta ce, "Mama, ni ma ina ciki." 'Yar da tun kafin Kirsimeti sai na yi ta roƙo kafin ta sa loma a baki. Har kitso ta yi, ban san yaushe ba.

Na ce su yi, amma kada a taɓa mini ɗakin da ke kusa da mangwaro.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Sun zo. Sun tattake mini alayyafo.

Mai kyamarar sunansa Jude, jikan wani Inyamuri ne da ya tuƙa jirgin ƙasa a nan, Hausarsa ta fi tawa. Akwai kuma Franklin, dogo, mai yawan dariya. Na ce shi kuma aikinsa me? Aka ce shi ne gawa.

Ina tsinke yakuwa Christopher yana yi musu bayani, ni ma ina ji. Wai farkon fim shi ne fim. In ka kama mai kallo a nan, ba zai tashi ko fitsari ba. Ga yadda zai buɗe. Dare ne, ana ruwa. Kare yana haushi can nesa. Ba a nuna fuskar kowa, ƙafafu kawai. Kyamara ta bi ƙasa a hankali, ta samu takalmi ƙafa ɗaya, sai hannu, sai mutum kwance rub da ciki a bakin ƙofa. Waya tana ta kuka a aljihunsa, ba mai ɗauka. Kusa da shi baƙar jaka a rufe.

Na ce, "Wane ruwa a watan Maris?"

Ya ce, "Ƙa'ida ce, Mama. Irin wannan fim da ruwa ake buɗe shi."

Na ce, "Jakar fa?"

"Don mai kallo ya fara zargi. Dole ya zargi kowa, har gawar."

Har gawar.

Na ce ƙofar wa za a gani? Ya ce tawa. Na ce to. Ya ce da sauri, "Ba Dickson ba ne, Mama. Wannan sunansa Dominic, kuma injin ban ruwa yake gyarawa." Na ce wato mutanen Kafanchan tumaki ne, ba su san ƙofata ba.

Ya ce a ƙarshen fim za a buɗe jakar, kowa ya ga mutumin kirki ne. Na ce wa ka taɓa gani a garin nan ya kalli fim har ƙarshe? Ko a ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko a aiki mutum niƙa. Abin da suka gani da farko shi za su kai kasuwa.

Doreen ta ce, "Haba Mama." Na ci gaba da tsinke yakuwata.

Alhamis, 6 ga Maris, da rana

Sun ja ruwa sun ja murfin rijiya, sun ja ruwa sun ja murfin rijiya. Na ce a ɗaga shi, a daina jan sa a ƙasa. Ba sa ji.

Asabar, 8 ga Maris, bayan magariba

Yau na ga ruwan sama na ilimi. Sun ɗora wani yaro a kan tsani da injin feshin ciyawa a bayansa, yana famfo yana fesa wa ƙofata. Na ce kun wanke injin nan kuwa? Suka ce sun wanke. In zogalena ya mutu zan san wanda zan kama.

Jinin kuwa zoɓo ne da sitaci. Franklin ya kwanta a ciki, Christopher ya ce akshin, sai kajina suka zo suna tsattsagar jinin. Aka kore su. Aka sake. Tururuwa ta shiga wa gawa cikin wando, ta tashi tana tsalle tana kiran Yesu. Aka sake. Karen maƙwabta da aka aro don ya yi haushi ya kwanta ya yi barci kusa da ita.

Ɗan sandan ciki wani malamin firamare ne daga Kagoro. Sun sa masa doguwar kwat cikin zafin nan, gumi yana bin wuyansa, an ba shi sigari ya riƙe alhali dattijon coci ne. Na ce me ya sa sai ya zo a makare? Christopher ya ce ƙa'ida ce. Na ce wannan kam kun yi daidai.

Doreen ta yi dariya da ta ga Franklin yana tsalle. Da ƙarfi, har da riƙe ciki. Na shiga kicin na daɗe ina neman abin da ban ajiye ba.

Lahadi, 9 ga Maris, da rana

Bayan sujada Madam Scholastica, tsohuwar hedimistires ɗin nan, ta tare ni a ƙofar coci.

"Maman Doreen, an ce gidanki ya zama Kano, ana fim."

Tun da na haifi ɗan fari sunana Maman Dickson a garin nan. Yanzu an canza mini. Babu wanda ya tambaye ni.

Ta ce, "An ce har da jaka a ciki. Kin yi ƙoƙari, 'yar'uwa. Gara a fito da abu fili." Ta dafa kafaɗata kamar mai yi mini addu'a.

Ita ce ta fara faɗi a wurin zaman makokin Dickson, a hankali, tana rarraba shinkafa, cewa mutanen daji ma ai suna da janareto, kuma janareto ba ya gyara kansa. Tana tsammanin ban ji ba. Ɗana duk inda aka kira shi zuwa yake. Zonkwa, Fadan Kagoma, ko ina. Ba ya tambayar mutum cocinsa ko masallacinsa, filogi yake tambaya. Wannan shi ne laifin.

Na ce a gaida gida.

Talata, 11 ga Maris, da safe

Doreen ta cinye tuwonta, ta ƙara.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Yau ranar fasa kaya ce. Doreen ce ƙanwar gawa. Waya za ta yi kuka, ta ɗauka, ta ce "Na'am?", sai tire ya suɓuce mata, kofuna su tarwatse, ta ƙwala ihu. Da farko sun ɗauki tirena na silba da kofunan roba. Suka faɗi suka yi ta birgima, ko ɗaya bai fashe ba. Christopher ya ce sai gilashi, wai ƙarar fashewar ita ce ke gaya wa mai kallo rayuwa ta tarwatse. Na ce rayuwar wa, ko kofunan aurena? Bernice ta aiko da nata. Duk sun tafi.

Ihun kuma bai yi masa ba. "Ƙara, Doreen, daga ciki." Ta ƙara. "Daga ciki nake so." Maƙwabta suka rugo, Iya Afiniki da tsufanta har da sanda, tana cewa wa kuma, wa kuma? Sai da na rantse mata wasa ne. Ta zauna a kan turmi tana haki, ta ce wa Christopher, "Kai ɗan nan, in ka kashe ni ka sa ni a fim ɗin."

Wa ya taɓa gaya wa mutum irin wannan magana ta waya a garin nan? Ina aka taɓa yi?

Ban tambaye shi ba. Shi ma ya sani.

Asabar, 15 ga Maris, bayan magariba

Janaretonsu ya mutu ana tsakiyar ɗauka. Jude ya ja igiya ya ja, Franklin ya tashi daga mutuwa ya ja, malamin nan ya cire kwat ya ja. Ya yi tari ya yi shiru. Jude ya ce, "Kai, da a ce..." sai ya haɗiye sauran.

Kowa ya tsaya yana kallon injin.

Na dafa musu taliya. Gawa ta fi kowa ci.

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Buhun accan yana nan inda yake a kicin. Bernice ta ce ƙwari za su shiga. Na ce su shiga.

Talata, 18 ga Maris, da asuba

Daga tagar kicin, in Franklin ya kwanta, dugadugansa kawai nake gani. Suna da kaushi.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Da rana hadari ya haɗu ta wajen duwatsun Kagoro, ruwan fari ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ce to, Ubangiji ya ji kukanku, ga ruwa kyauta. Sai na ga suna gudu da kaya, suna rufe kyamara da ledar shimfiɗa. Wai ruwan gaske ba ya fita da kyau a hoto, kuma zai jiƙa musu kaya. Suka zauna a barandata suna jira ya ɗauke don su hau tsani su yi nasu.

Ni dai iyakata aji biyu a sakandare. Wataƙila a aji uku ake koyar da wannan.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Na kore su.

Lahadi, 23 ga Maris, da rana

Ban je sujada ba. Bari in rubuta yadda aka yi.

Na dawo daga kasuwa na tarar an shirya ƙofa, an zuba zoɓo, Franklin yana kwance. Jakar da ke kusa da shi ba wadda suka saya a gwanjo ba ce. Jakar Dickson ce, na san ta tun daga bakin titi. Na san tabon baƙin man da ke gefenta, na san wayar wuta da aka ɗaure hannunta da ita.

Wai Christopher ya ce tasu ta cika sabunta, ba ta yi kama da jakar mai aiki ba. Doreen ta ɗauki makulli a ƙarƙashin Littafina Mai Tsarki ta buɗe ɗakinsa, na kusa da mangwaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sun rufe ta. Jakar nan zif ɗinta ya lalace tun bara, ba ta taɓa rufuwa ba, kullum kan sifana yana leƙowa, kullum ina masa faɗa zai zubar da kaya a hanya. Sun bi bakinta da fil sun maƙale, don ta zama abin zargi.

Na ce kowa ya kwashe tarkacensa. Na ce wa Franklin tashi, gidan nan ba maƙabarta ba ne. Christopher ya fara, "Mama, ƙa'ida..." Na ce in ka sake faɗin kalmar nan a gidana, zan manta na taɓa goya ka.

Doreen ta ce, "Ke kaɗai ce kika yi rashi? Yayana ne!" Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Na zauna na cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Ba ta ci ba. Kitson ya fara warwarewa.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

Ba ta ci ba. Na kai kunu, na dawo da kunu.

Tsakar gida shiru, kajina suna neman zoɓo. Babu mai jan murfin rijiya. Ashe ba haka nake so ba ma. Ni kaina ban san abin da nake so ba. In na bar su, ɗana zai kwanta a ƙofata da jakar zargi a wayar kowa har Kaduna. In na hana, ga wannan a kwance. Ubangiji, biyu ka ba ni.

Juma'a, 28 ga Maris, da yamma

Christopher ya zo shi kaɗai, babu kyamara. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Na ce shigo, ƙofar ai ka fi ni saninta yanzu. Ya zauna a ƙasa kusa da rijiya. Na ba shi ruwa, bai sha ba.

Na ce, "Kiris," don haka muke kiransa yana yaro, "ranar nan, dare ne?"

Ya ce a'a.

"Ana ruwa?"

"A'a, Mama."

"Na yi ihu?"

Ya girgiza kai.

Rana ce tsaka, garau. Ina zaune nan da ƙwarya biyu ina rairayar acca, don Dickson ya ce in ya dawo gwaten acca yake so. Sai na hango ƙafafu a ƙofa. Baba Fasto a gaba, Bernice da Iya Afiniki a baya, sun ɗaura zanen Zumuntar Mata ta coci alhali ba ranar Zumunta ba ce. Tafiyarsu a hankali, kamar ƙasar tana da zafi. A nan wurinmu ba a gudu da irin wannan saƙo, ba a kuma buga waya. Suka yi sallama na amsa. Bernice ba ta zo wurina ba. Ta wuce murhu ta sauke tukunyar ruwan zafi, ta ɗauke wuƙa daga kan turmi ta sa a zanenta. Iya Afiniki ta wuce rijiya ta ja murfin kwanon nan, ƙiiii, ta ɗora dutse a kai. Ni ma na yi wa wasu haka, na san ma'anarsa: kafin a faɗi mutuwa ana kawar da abin da mace za ta cuci kanta da shi. Sai na ci gaba da rairaya. Na ce a raina muddin ban ajiye ƙwaryar nan ba, ba a faɗa ba tukuna.

Na ce, "Wa ke bayansu, Kiris?"

Ya ce, "Ni ne."

"Me ka riƙo?"

Sai ya fashe da kuka, da gemunsa da komai. Shi ya je ya gano gawar Dickson a kan hanya. Shi ya ɗauko jakar. Da ya ajiye ta a gabana ranar, ta kife, komai ya zube: sifanu, filaya, tsumma, tsofaffin filogi, ƙullin gyaɗa da bai gama ci ba.

Ya ce, "Mama, na gwada rubuta shi da rana, na kasa. In na sa dare da ruwa sai ya zama na wasu, irin na talabijin. In rana ce ina ganinsa."

Na ce, "Shi ya sa ka rufe jakar?"

Ya ce bai yi tunanin Madam Scholastica ba, malaminsu na Jos yake tunani. Wai an koya musu dole farkon fim ya bar wa mai kallo tambaya. Na ce tambayar da ka bari ita ce me ya yi. Wannan tambayar an riga an yi mini ita a kan shinkafar makoki. Ba ka da wata?

Ya daɗe yana kallon murfin rijiyar. Ya haɗa yatsu zai leƙa, na buge hannun.

Tagar Doreen a buɗe take. Na ga labule ya motsa.

Asabar, 29 ga Maris, da safe

Ta sha kunu. Ba ta yi mini magana ba, amma ta sha.

Talata, 1 ga Afrilu, da rana

Sun dawo. Sun sake tattake alayyafon.

Ana ta gardama a barandata. Franklin yana fushi an cire shi daga farko, wai ya sha cizon tururuwa a banza. Malamin Kagoro ya ce fim ɗin laifi babu gawa ai wasan yara ne. Jude ya saƙala abin jinsa a kunne, ya ce a ja murfin rijiya ya ji. Aka ja. Ya cire abin ya ce, "Darakta, ka manta da kiɗan ban tsoron nan da ka sauko da shi. Wannan ya isa." Ya sa aka yi ta ja. Na tafi gidan Bernice har suka gama.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Doreen aka ce ta zauna ta rairayi accan. Na buɗe buhun da kaina. Ƙwari ba su shiga ba.

Yarinyar nan, ashe duk koyarwata a banza. Tana juya ƙwarya kamar mai wanke kwano, rabin accan yana bin ruwa, yashin yana nan. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, na ce tashi, kada ki kunyata ni a gaban duniya. Na zauna don in nuna mata kawai. Ban ji an ce akshin ba. Da na ɗago, Jude ya durƙusa da kyamara a kan hannuwana.

Na ce ni ba 'yar fim ba ce, ba za a nuna fuskata ba. Christopher ya buɗe baki, ya rufe. Doreen ta ce, "Ba a nuna fuska da farko, Mama. Ƙa'ida ce." Ni ta faɗa wa, tana kallona. Maganarta ta farko ke nan gare ni tun ranar.

Bernice da Iya Afiniki suka ɗauro zanensu. Baba Fasto ya ce shi ba zai yi wasan kwaikwayo ba, amma zai shigo ta ƙofa, in kyamara ta ga takalmansa ruwanta. Christopher ya ba Doreen kyamara ta biyu, shi ya ɗauki jakar ya tsaya a baya.

Sau ɗaya aka yi. Babu wanda ya ce a sake.

Da aka ja murfin, hannuna bai tsaya ba. Da jakar ta kife, na ga sun sa ƙullin gyaɗa. Ban san wa ya tuna ba.

Da aka ce kot, aka tsaya, Iya Afiniki ta ce ƙafarta tana ciwo, a ba ta kujera, kuma wa zai biya ta. Aka yi dariya. Ni na shiga ɗakin da ke kusa da mangwaro na zauna. Can sai Doreen ta shigo ta zauna a ƙasa, ta ɗora kai a cinyata. Na warware mata sauran kitson.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Christopher ya ce ranar Litinin ta Ista matasa za su nuna abin da aka gama a zauren coci. Na ce ba zan je ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da yamma

Na je. Bernice ta ja ni.

Zauren ya cika, an rufe tagogi da zannuwa, yara suna ta surutu, samari a baya suna ihu a kawo harbi. Madam Scholastica tana layin gaba da mafici.

Aka kunna majigi. Rana tsaka. Hannuwa biyu da ƙwarya, ruwa yana juyawa. Ban san hannuwana sun tsufa haka ba. Wani yaro ya ce, "Fim ɗin girki ne?" aka yi dariya. Sai ƙafafu a ƙofa, a hankali, da bakin zanen Zumunta.

Matan ne suka fara yin shiru. Daga gaba shirun ya taso ya bi layi-layi har baya. Da aka sauke tukunya, wata a bayana ta ce, "Wayyo Yesu." Da aka ja murfin rijiya, maficin Madam Scholastica ya tsaya. Na manta, ita ma an taɓa rufe mata rijiya, shekarar da mijinta bai dawo daga Zonkwa ba. Zauren nan kusan kowace mace an taɓa rufe mata.

Jakar ta kife, kaya suka zube, kyamara ta bi su ɗaya-ɗaya har ta tsaya a kan gyaɗar. Wani saurayi a baya, cikin masu neman harbi, ya ce da ƙarfi, "Kai! Wa ya yi musu haka?" Christopher yana tsaye jikin bango. Ya juyo ya dube ni.

Sai janareto ya yi tari ya mutu.

Aka ja igiya aka ja, ya ƙi. Na ce wa Bernice ba na faɗa ba? Mutane suka fara fita, ba wanda ya ga ɗan sanda mai kwat, ba wanda ya ga Franklin.

A ƙofa Madam Scholastica ta tare ni. Na shirya. Ta tsaya tana ninke maficinta, ta kasa kallona. Ta ce, "Bara ya gyara mini injin niƙa, ya ƙi zama ya ci abinci, wai ana jiransa a gida." Ta ce, "Sannu, Maman Dickson."

Na ce yauwa.

Ban sani ba ko kasuwa za ta daina. Bakin mutane ba ya rufuwa da fil. Amma da kunnena na ji, kuma a gaban mutane ta faɗa.

Talata, 22 ga Afrilu, da rana

Na dafa gwate, da yakuwa da gauta da gyaɗa, yadda yake so. Ban kira kowa ba, amma duk sun zo, har malamin Kagoro. Franklin ya ƙara sau biyu, ya kankare tukunya. Doreen ta ce akwai yashi. Ƙarya take yi.

Sun tafi sun bar mini rijiya a buɗe. Na je na ja murfin da kaina.